Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Saniya Mai Lamba 41

A kashi na baya na tsayar da labarin a daren da saniya mai lamba 41 ta haihu. Holstein ce, wato irin shanun Turai masu yawan nono, baƙa da fari, haihuwarta ta uku ke nan, kuma duk garken babu wadda ta kai ta nono. Ni aka damƙa wa kula da shanun da suka haihu, wata na bakwai ke nan da fara aiki.

Maraƙin ya zo da girma, sai da muka ɗaura igiya muka ja. Gari ya waye mabiyiya ba ta faɗo ba, tana reto a bayanta, ƙudaje na bi. Raina ya ƙi kwanciya. Na wanke hannu na zura, na riƙa ɓamɓarowa a hankali, ina jin tana tsinkewa a tsakanin yatsuna. Na fito da abin da ya fito, na binne, na koma bakin aiki da tunanin na taimake ta.

Rana ta huɗu ta daina tuƙa. Kunnuwanta suka yi laushi, idanu suka faɗa, nonon ya ragu kusan rabi. Da na ɗaga wutsiyarta, wani ruwa ja-ja ne ke zubowa, mai warin da har yau ban manta ba. Ma'aunin zafi ya nuna 40, alhali lafiyayyar saniya wajen 38.5 take. Likitan dabbobi ya zo ya ce mahaifa ce ta kamu, ya yi mata allurai. Ya sa na shinshina numfashinta, na ji kamar ruwan goge jan farce. Ya ce alama ce ta cewa abin da take ci bai kai abin da take zubarwa a nono ba, jikinta ya koma narkar da kitsensa.

Cikin kwana 10 ta miƙe. Ta koma cin abinci, hantsa ta cika. Ni dai a wurina magana ta ƙare.

Lissafin gonar madara ba shi da wuya. Saniya tana ɗaukar ciki kwana 280 da 'yan kai, don haka in ana son ta haihu duk shekara, sai ta ɗauki wani cikin kafin ta wuce kamar kwana 85 da haihuwa. Lafiyayya kuwa duk kwana 21 take neman bijimi. Daga rana ta 50 na sa wa 41 ido safe da yamma. Sa'o'inta suna kuka, suna hawan juna, ita tana gefe shiru. Sai rana ta 78 na ga 'yar alama, aka yi mata barbarar zamani, wato aka zuba mata maniyyin bijimi ba tare da ya hau ta ba. Bayan mako uku ta dawo neman bijimi, alamar ciki bai shiga ba. Aka sake, ta sake dawowa.

Likita ya nemi littafin da nake rubutu. Ya buɗe shafinta, ranar haihuwa kawai ya gani.

"Malam, wannan ba ita ce muka yi wa allura ba?"

"Ita ce, Likita. Ai ta warke tuni."

"Zazzaɓin ne ya sauka. Wa ya cire mata mabiyiya?"

Na sunkuyar da kai na ce ni ne. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ja ni gefe ya zaunar. Ya ce mabiyiyar saniya manne take da mahaifa a wurare kusan 100, kamar maɓallan riga, kuma wanda ya ja da hannu yana barin rauni a duk inda ya ɓalle, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Gara a bar ta ta saku da kanta, a riƙa auna zafin jiki kullum. Mahaifa ko lafiya lau take, sai ta yi kusan kwana 40 kafin ta koma yadda take, balle mai ciwo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ƙwai. Ya ce ƙwan da saniya ta saki yau ba jiya ya fara girma ba, ya fi wata biyu yana tasowa a cikin 'yar jakarsa. Ke nan ƙwan da muka sa wa rai a rana ta 78 ya taso ne a jikin da ya sha zazzaɓi da rama. Gubar ƙwayoyin cutar mahaifa tana kaiwa har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwan, ta rage sinadarin da ke sa saniya nuna sha'awa, shi ya sa na yi ta kallo ban ga komai ba. In ma ciki ya shiga, sau da yawa a kwanakin farko yake lalacewa ba wanda ya sani. Ya ƙara da cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini lokacin haihuwa yana hana mahaifa matsewa da ƙarfi, kuma sau da yawa daga nan matsalar take somawa.

Ya duba ta da na'urar hoton ciki ya ga sauran mugunya a mahaifa, duk da cewa a waje tana cika bokiti. Aka sake mata magani, aka ba ta hutu.

Mai gona ya riga ya sa sunanta cikin waɗanda za a sayar, don saniyar da ba ta ɗaukar ciki nononta raguwa yake yi har ya ƙafe. Na roƙe shi ya ƙara mata dama ɗaya, na kuma gaya masa abin da na yi da hannuna. Ya daɗe yana kallona kafin ya amince. A rana ta 162 aka yi barbara ta uku, bayan wata guda Likita ya juyo mini da fuskar na'urar ya nuna wani ɗan ɗigo yana bugawa. Na dafa wuyanta na kasa magana.

Daren nan na ja layuka a littafin: zafin jiki, cin abinci, ruwan da ke fita, kullum har kwana 14 ga duk wadda ta haihu. Wannan littafin ne ya haɗa ni rigima da shugaban ma'aikatanmu a kan abincin shanun da ke gab da haihuwa. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.