Darussa daga tallar intanet: ba kowane baƙo ne ya cancanci kuɗinka ba

Jawo jama'a zuwa shafin kasuwanci ba shi ne mai wuya ba. Duk wanda ya buɗe asusu a Google Ads ko Facebook ya zuba kuɗi, cikin kwana ɗaya ko biyu zai ga mutane suna shigowa. Inda aikin yake shi ne a tabbatar masu shigowar suna da buƙatar abin da ake sayarwa, a kuma san wace talla ce ta kawo wanda ya saya. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka daga rashin waɗannan biyun take fitowa.

Saboda haka awo ake fara shiryawa, talla ta biyo baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kashe komai, yanke shawarar abu ɗaya da kake so baƙo ya yi: ya saya, ya cike fom, ya kira waya, ko ya turo saƙo. Sannan a dasa lambar bibiya ta Google da Meta Pixel ta kamfanin Meta mai Facebook da Instagram a shafin, wato 'yan guntayen rubutun kwamfuta masu ƙirga abin da baƙo ya yi, a saita su su ƙirga wannan abin kaɗai. Bayan an dasa, ka shiga da wayarka kamar baƙo, ka bi matakan har ƙarshe, ka duba ko an ƙirga sau ɗaya. Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Wani ya ɗaura lambar a kan maɓallin aikawa, sai ta ƙirga har wanda ya danna fom ɗin ya ƙi tafiya. Wani ya sa ta a shafin godiya, amma duk lokacin da aka sake loda shafin sai ta ƙara ɗaya. Wani kuma ya watsa ta a kowane shafi, kowa ya leƙo ya zama mai saye a rahoto. Illar ba ta tsaya ga rahoton ƙarya ba. Manhajar tallar da waɗannan alƙaluman take koyon irin mutanen da za ta nemo maka, idan ka ba ta gurɓataccen bayani, da shi za ta yi aiki. Kowace mahaɗa da ka sa a talla kuma ka liƙa mata alamar UTM, wadda ke nuna dandalin da baƙo ya fito da sunan kamfen ɗin, don Google Analytics, manhajar ƙididdigar baƙin shafi, ya iya rarrabe su.

Darasin da ya fi tsada shi ne, dandali abin da ka roƙa yake ba ka. Idan a Facebook ka zaɓi manufar kawo baƙi, zai nemo mutanen da suka saba danna talla, waɗanda da yawansu ba sa sayen komai. Farashin kowane danni zai yi araha, rahoto ya yi kyau, ciniki kuwa shiru. Idan saye kake so, manufar saye za ka zaɓa, ko da dannin ya fi tsada. Ka riƙa kwatanta ginshiƙai biyu a rahoto: yawan waɗanda suka danna mahaɗa, da yawan waɗanda shafin ya buɗe musu. In tazarar ta yi faɗi, ko dai shafin yana da nauyi mutane suna gajiya su fita, ko kuma yatsa ne ke taɓa tallar bisa kuskure.

Akwai lissafin da ya kamata a yi a takarda tun farko. A ce cikin baƙi 100 mutum 2 ne ke saye. Ke nan kowane mai saye ya ci kuɗin danni 50. Idan ribar da kake samu a ciniki ɗaya ba ta kai kuɗin danni 50 ba, faɗuwa kake yi, kuma ƙara kasafi sai dai ya ƙara faɗuwar. Idan ka gyara shafin har masu saye suka zama 4 cikin 100, kuɗin samun kowane ɗaya ya ragu da rabi ba tare da ka taɓa tallar ba. A ganina wannan ne dalilin da ya sa gyaran shafi ya fi cancantar lokaci a kan sauya hoton talla.

Mai bincike a Google ya riga ya san abin da yake nema, shi kuwa mai zagaya Instagram hira da kallo suka kawo shi. Kayan da mutane ke nema da suna sun fi dacewa da tallar bincike, sabon abu da sai an gani ake sha'awa ya fi dacewa da hoto ko gajeren bidiyo.

A tallar bincike, kuɗi ta wajen kalmomi yake zurarewa. Google yana da hanyoyi uku na haɗa kalmarka da abin da mutum ya rubuta: mai faɗi, na jimla (binciken da ya ƙunshi ma'anar kalmarka), da na daidai (binciken da ma'anarsa ɗaya ce da kalmarka). Mai faɗin yana iya nuna tallarka ga duk binciken da manhajar ta ga yana da alaƙa. Kamfanin da ke gyaran kwamfuta sai ya tsinci kansa yana biyan dannin masu neman koyon gyara, ko masu neman aiki, ko masu son manhajar kyauta. Maganin shi ne rahoton ainihin kalmomin da mutane suka rubuta. A makonnin farko ka buɗe shi kowane kwana biyu ko uku, duk kalmar da ba ta kawo mai saye ka jefa ta jerin kalmomin da aka toshe. Masu ƙaramin kasafi gara su fara da na jimla da na daidai. Sai saituna biyu da ake yawan tsallakewa. Na farko, akwatin da ke haɗa kamfen ɗin bincike da tallar hotuna a shafukan wasu, ka cire masa alama. Na biyu, zaɓin wuri: saitin asali yana haɗawa da waɗanda suka nuna sha'awar yankin ko da ba a can suke ba, in kasuwancinka na masu zama a wurin ne, ka mayar da shi kan waɗanda ke ciki.

Matsayin talla gwanjo ne, amma ba mai babban tayi kaɗai ke ci ba. Google yana ba kowace kalma makin inganci daga 1 zuwa 10, bisa yiwuwar a danna tallar, da dacewarta da abin da aka nema, da kyan shafin da baƙo zai sauka. Talla mai inganci tana iya hawa saman ta wanda ya fi ta tayi. Don haka kada a tura kowa shafin farko na gidan yanar. Wanda ya danna tallar wani kaya, a sauke shi a kan wannan kayan, ya ga kalmomin da ya karanta a talla a kanun shafin, da maɓalli ɗaya bayyananne. Fom kuma a rage masa tambayoyi, duk gurbin da aka ƙara yana korar wasu. Gwada saurin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna sauri, ɓangaren waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Manyan hotuna da ba a matse ba su ne suka fi jawo nauyi.

Sai haƙuri, wanda ya fi komai wuya ga mai kallon kuɗinsa na fita. Meta na buƙatar kimanin sakamako 50 cikin mako guda a kowane rukunin talla (tallace-tallacen da aka saita wa masu kallo iri ɗaya) kafin ta gama matakin koyon waɗanda za ta nuna wa tallar, kuma duk babban sauyi, na hoto ko na masu kallo ko na kasafi, yana iya mayar da ita farko. Wanda ya raba ƙaramin kasafi gida shida, babu rukunin da zai kai adadin. Gara rukuni ɗaya ko biyu. A Google ma kada hankali ya tashi idan wata rana an ci ninki biyu na kasafin yini, tsarin ya yarda da haka, amma a wata ba zai wuce kasafin yini sau 30.4 ba. In za ka yi gwaji, sauya abu ɗaya kawai, kanu ko hoto, don ka san wanne ya yi tasiri.

Alƙaluman dandali kuma ba a karɓarsu ido rufe. Mutum ɗaya zai iya ganin talla a Facebook, daga baya ya bincika sunanka a Google ya saya, kowannensu ya rubuta cinikin a matsayin nasa. Tun da Apple ya fitar da iOS 14.5, tsarin aikin iPhone, a 2021, masu iPhone ke iya hana manhajoji bibiyarsu, wani ɓangare na rahoton ya koma ƙiyasi. Shi ya sa a ƙarshen kowane wata ake ɗaukar jimillar kuɗin talla, a raba da yawan sababbin masu saye da ke cikin littafin cinikin kamfani, ba na rahoton dandali ba. Kamfen ɗin da kuɗin samun mai saye ɗaya a cikinsa ya tsaya ƙasa da ribar ciniki ɗaya a ƙara masa kasafi kaɗan-kaɗan, wanda ya haura kuma a dakatar da shi, a koma a duba kalmominsa da shafin da yake saukar da mutane.