Yadda na bi diddigin zancen "ubansa ɗan DDS ne"

Hoton wata takardar Faransanci ya shigo zaurenmu na WhatsApp na 'yan kasuwar Injamena, an zagaye suna ɗaya da jan biro, wai mahaifin wani ɗan takara mai kai wa DDS rahoto ne. A Cadi wannan ba ƙaramar magana ba ce. DDS ita ce hukumar 'yan sandan ciki ta tsohon shugaban ƙasar, Hissène Habré, kuma kwamitin binciken 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 ne suka halaka a mulkinsa. Akwai gidajen da har yau ba su san kabarin nasu ba. Shi ya sa na ƙi turawa kafin in bincika.

Da kwanan wata na fara. An kafa DDS a Janairun 1983, ta watse da faɗuwar Habré a Disamban 1990, saboda haka duk takardar DDS da kwanan watanta bai faɗa cikin wannan tsakani ba jabu ce. Tamu 1987 ce. Rubutunta ma na tafireta ne, wani harafi ya yi baƙi wani ya dushe, ba santsin kwamfuta ba. Ta tsallake.

Suna shi ne ramin. A nan mutum sunansa da na ubansa yake ɗauka, babu sunan gida da ke bin zuri'a, kuma Mahamat Saleh ko Abakar Adam sun fi a ƙirga a unguwa ɗaya. Magatakarda kuma kowa da yadda yake rubutawa: Mahamat, Mohamed, Ahmat, Ahmed. Na ɓata kwana biyu ina bin rubutu ɗaya kawai, kuskurena ke nan. Takardar haihuwa ba ta cika raba gardama ba, domin dattawa da yawa shekararsu kintata aka yi. Dole a haɗa abu huɗu: sunan kaka, garin asali, sana'a, da inda mutumin yake a shekarar.

Sai abin da ya fi damuna. Takardun DDS da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta gano a tsohuwar hedikwatar hukumar a 2001 suna ɗauke da sunayen mutum 12,321 da aka zalunta, 1,208 daga cikinsu sun mutu a tsare. Ganin suna a takardar DDS bai nuna ma'aikacinta ba ne, sau da yawa wanda aka kama ne. Hoton da aka turo an yanke kansa. Da na sa shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, sai cikakken shafin ya fito, kuma jerin fursunoni ne.

Na duba sunayen jami'ai 20 da kotun Injamena ta ɗaure a Maris 2015, irin su Saleh Younous, tsohon shugaban hukumar. Babu sunan mahaifin ɗan takarar. Wannan kaɗai ba ya wanke kowa, don masu rahoton ɓoye ba a gurfanar da su ba.

Wurin dattawa ba a fara ambaton ɗan takara, baki zai rufe. Cewa na yi: "Baba Alhaji, wane ɗan wane, ina yake zamanin Habré?" Dattijai biyu da na tambaya daban-daban suka ce yana Kusuri ta Kamaru yana fataucin goro tun yaƙin 1980, bai dawo ba sai bayan hawan Idriss Déby, wanda ya kifar da Habré. Na jerin kuwa direba ne daga Abece, kakansu ma ba ɗaya ba. Na tura wa zaure cikakken shafin, na roƙi wanda ya yaɗa yankakken ya goge.