Darussan aiki da osiloskop na dijital

Osiloskop na'ura ce mai nuna siffar siginar wutar lantarki a kan allo. Na dijital ba ya zana sigina kai tsaye kamar tsohon mai kwalba. Awon ƙarfin wuta yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wani sashe da ake kira ADC ya mai da kowane awo lamba, a zuba a ma'adana, sannan a haɗa ɗige-ɗigen a kan allo. Wasu kurakuran masu gyara daga mance wannan suke fitowa.

Za ka ga an rubuta a jikin na'ura cewa tana ɗaukar awo biliyan 1 a daƙiƙa. Gaskiya ne, amma sai in ka matse lokacin da kake kallo. Ma'adana ce ke da iyaka. A ce tana cin awo 10,000, kai kuma ka buɗe allo ya ɗauki kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa: dole saurin ya faɗo zuwa awo miliyan 1. A nan duk siginar da ta haura kilohas 500 (wato maimaituwa dubu 500 a daƙiƙa, rabin saurin awon) za ta fito da siffar ƙarya. Mai kilohas 900 sai ta bayyana kamar ta 100, tsaf da ita, har na'urar ta rubuta maka 100 ɗin. Hanyar ganewa ita ce ka juya maɓallin lokaci. In lambar ta yi ta tsalle, ba ta gaskiya ba ce. Ka saba duba saurin awon da ke rubuce a allo kafin ka yarda da zane. A wasu na'urorin, irin Rigol DS1054Z, kunna tasha ta biyu (wato mashigar sigina ta biyu) kawai yana raba saurin gida biyu.

ADC mai bit 8 matakai 256 gare ta. Zanen da ya tsaya a rubu'in allo matakai 64 kawai ya ci, don haka ka ɗaga shi ya kusa cika allon.

Furob, wato wayar da ake taɓa wurin awo da ita, in mai 10x ne (mai rage ƙarfin sigina sau goma), sai an daidaita shi: a jona shi a wurin gwaji mai kilohas 1 da ke jikin osiloskop, a murɗa ɗan sukurunsa har kusurwoyin zanen su miƙe.

Wanda ya fi haɗari shi ne maƙalar nan mai bakin kada da ke jikin furob. A haɗe take da wayar ƙasa ta soket. In ka maƙala ta a ɓangaren caja ko talabijin da ke jone da wutar gida, gajeriyar hanya ka yi wa wuta, furob da abin da kake gyarawa duk suna iya ƙonewa. Kada ka yanke ƙafar ƙasa ta filogin osiloskop don kauce wa haka, domin jikin na'urar ne zai ɗauki wutar ya jira hannunka. Furob mai auna bambanci tsakanin wuri biyu shi ne na wannan aikin.