Farfaɗo da tsohuwar MGB a gida: daga dokin ƙofa ake farawa

Garejinmu ƙarami ne, kuma ba mu karɓar motocin haya ko na zuwa ofis. Tsofaffin motoci muke tayarwa, irin waɗanda suka shekara goma ko ashirin lulluɓe da tamfol a bayan gida. Da yawa daga masu irin waɗannan motoci sun fi son su yi aikin da hannunsu a gida, su kawo mana abin da ya fi ƙarfinsu kawai. Wannan tsari yana yiwuwa, muna kuma maraba da shi, muddin an san abin da ke gaba da abin da ke baya. Zan kafa misali da MGB, ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da rabin miliyan, mafi yawansu aka kai Amurka da sitiyari a hagu, kuma har yau kusan babu kayanta da ba a ƙerawa sabo. Wannan ne ya sa ta dace da mai koyo.

Duk wanda ya samu irin wannan mota, abin da ransa ke fara so shi ne ya ji ƙarar inji, sannan ya ga fenti yana sheƙi. Su biyun kuwa su ne na ƙarshe a layi. MGB ba ta da shasi daban da bodi. Bodin ne ke ɗauke da komai, kuma tunda ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta duka yana cikin dogon ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin kowace ƙofa, wanda muke kira dokin ƙofa. Ido yana ganinsa kamar falle ɗaya, alhali akwati ne mai falle huɗu: na waje, na tsakiya da ke tsaye a ɓoye, na ciki wanda ke haɗe da daɓen mota, da na ƙasa. Ruwa yana shiga ya kwanta, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. Kafin ka ga ƙuraje a fenti, fallen tsakiya ya daɗe da zama gari.

Gwajin ba wuya. Ka tsaya ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da madgadin baya. Idan ta tsuke a sama ta buɗe a ƙasa, motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Ka sa jak ka ɗaga gefe ɗaya, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ta cije, dokin ƙofa ya mutu. Sai ka ɗauki maganaɗisu ka bi ƙasan madgadi da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa aka shafe da fenti. Ka ɗaga kafet ka caka sukudireba a daɓe, ka duba ramukan batir da ke bayan kujeru, domin ruwan batir yana cinye su, ka kuma duba inda sifirin baya ke rataye. Wanda zai sayi mota, gara ya sayi mai mataccen inji da lafiyayyen bodi. Injin nan ana sake gina shi a kan tebur cikin 'yan makonni, bodi kuwa yana iya cin shekara. Idan ruɓewar ta wuce misali, kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon bodi tun 1988 da ainihin injinan bugun da aka yi motar da su, sai dai kuɗinsa da na dakonsa ba na wasa ba ne.

Kwancewa aikin gida ne, kuma nan ake yawan yin asara ba a sani ba. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka taɓa shi. Kowane noti da wosha su shiga leda, a rubuta inda suka fito. Kowace waya a manna mata takarda. Bayan wata goma sha takwas babu kan da zai tuna wace kusa ce ta fito daga ina. Sannan ka nemi sufanu na inci: 7/16, 1/2, 9/16 da 5/8 su za ka fi ɗauka. Bakaniken da ya saba da Peugeot 504 da Toyota zai ɗora lamba 13 a kan notin rabin inci, ya ga kamar ta zauna, sai ya murje kan notin. Notin da ya cije a jiƙa shi da man kwance tsatsa kwana biyu, in ya ƙi a gasa shi. Amma kafin wuta ko walda ta kusanci motar, a sauke tankin mai a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ke ciki ne ke fashewa. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulo. A sa mata ƙafafun ƙarfe huɗu.

Yanzu ga aikin dokin ƙofa, wanda shi ne zuciyar sana'ar. Kafin a yanka komai, a gyara hinjin ƙofa, a daidaita ta har tazara ta zama kamar milimita 4 zuwa 5 ko'ina. Ƙofar ita ce ma'auninka har a gama. Daga nan a gicciya ƙarfen kwana mai faɗin milimita 25 a bakin ƙofa daga ginshiƙin gaba zuwa na baya, a ɗiga masa walda, a ƙara wani daga gefe zuwa gefe. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Wanda ya yanke duka biyun rana ɗaya, motar za ta zauna, ƙofofinta ba za su sake rufuwa daidai ba. Madgadin gaba da noti aka ɗaure shi, kwance shi ake yi. Na baya walda ne, dole a yanke ƙasansa kafin a kai ga ƙarshen dokin ƙofa. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su liƙa sabon falle a kan ruɓaɓɓe iya inda ido ke gani. Wannan ha'inci ne, kuma ran mutum ne a ciki.

Irin waldar ma abin lura ce. Ƙarfen bodin bai wuce kaurin milimita 1 zuwa 1.2 ba. Waldar lantarki ta sanda, irin ta masu ƙofa da taga, huda shi take yi. Waldar kabayid tana zafafa wuri mai faɗi, falle ya kumbura ya murɗe, a koma cike shi da fila. Abin da ya dace shi ne injin walda na MIG, mai turo waya da gas, da waya mai kaurin milimita 0.6. A huda ramuka na milimita 7 ko 8 a gefen sabon falle, tsakaninsu kamar milimita 25 zuwa 30, a matse fallayen biyu sosai, a cike kowane rami da walda tun daga fallen ƙasa. Ana ɗiga nan, a tsallaka can, a bari ya huce, kada zafi ya taru wuri guda. Bayan kowane ɗigo biyar ko shida a rufe ƙofa a duba. Inda falle zai hau kan falle a fesa firaima (fentin shimfiɗa) mai zinki tukuna, in an gama fenti kuma a tura kakin hana tsatsa cikin akwatin ta ramuka, a tabbatar ramukan zubar ruwa na ƙasa a buɗe suke. Wanda bai taɓa walda ba, ya yi sati biyu yana koyo a kan tsohon madgadi, ko ya bar mana wannan ɓangaren ya riƙe sauran.

Fenti ba zan daɗe a kansa ba. Ƙarfen da aka kankare da damina yana fara ja kafin gari ya waye, don haka a rufe shi da firaima ta efoksi a ranar. Fila kada ta wuce kaurin milimita 2 ko 3. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a jiƙa daɓe, a rufe ɗakin da leda. Fenti mai haɗin hadna yana da guba mai lalata huhu, takunkumin ƙura ba ya tare ta. Gogewa da samfefa a yi a gida, feshin ƙarshe a kai inda ke da ɗakin feshi.

Injin mai silinda huɗu ne, cc 1798, mai sauƙin kai. Wanda ya daɗe a ajiye kada a sa masa batir a murɗa makulli. A cire fulogi, a zuba cokali biyu na baƙin mai a kowace silinda, a bar shi kwana uku, a juya shi da hannu. In ya juya, a sauya baƙin mai da 20W-50, kimanin lita huɗu da kaɗan, a juya shi da sitata ba fulogi har allurar matsin baƙin mai ta motsa. Lafiyayyen inji yana nuna matsin fam 50 zuwa 80 (psi) a kan tafiya in ya yi zafi. A gwada matsin silinda. Bambancin da ke tsakaninsu ya fi adadin kansa muhimmanci, in ya wuce kashi 10 cikin 100 akwai magana. Kan injin yakan tsage tsakanin silinda ta 2 da ta 3, domin su biyun ƙofar hayaƙi ɗaya suke amfani da ita, zafi yana taruwa a nan. In an sauke shi, a kai a gwada, a kuma dasa masa mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi, saboda an yi injin ne lokacin da fetur ke da dalma, na yanzu kuwa babu, sai bawul ya riƙa nutsewa cikin mazauninsa. Notocin kan inji ana ɗaure su fam 45 zuwa 50 (lb-ft) da sufanar awo, daga tsakiya zuwa waje. Tazarar bawul a injinan farko milimita 0.38 ce a sanyi, ta kontak 0.35 zuwa 0.40, ta fulogi 0.64, jerin wuta kuma 1-3-4-2.

Sai an gama waɗannan ake taɓa kafireto, domin yawancin laifin da ake ɗora masa na wuta ne. A yawancinsu guda biyu ne, ƙirar kamfanin SU, kowanne da fistin da ke hawa da sauka ɗauke da allura. A zuba ɗan baƙin mai a kofin samansu. A ɗaga jet, wato bututun fetur da allurar ke shiga, ya yi daidai da bakin ramin da yake ciki, a sauko da shi zagaye biyu cif. Nan ne mafari. A saki sandar da ta haɗa su, a sa guntun tiyo a kunne, a saurari shaƙar kowanne, a daidaita har sautin ya zama ɗaya. Sannan a ɗaga fistin kamar milimita 1. In inji ya ɗan tashi ya dawo, daidai ne. In ya tashi ya zauna a sama, mai ya yi yawa. In ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan. Idan an yi duk wannan silo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, a girgiza sandar maƙogwaron kafireton. In tana wasa, iska ce ke shiga ta nan, sai an sa mata bushin. Farantin kare zafi da ke tsakanin kafireto da bututun hayaƙi kada a yar da shi. Gefe ɗaya suke zaune, kuma a zafin bazara irin namu mai yana tafasa a kofi, mota ta mutu a cunkoso ta ƙi tashi sai ta huce. Saboda wannan zafin ne muke sake wa lagireto ciki, mu sa tamostat mai buɗewa a digiri 74 maimakon 82. Cire shi gaba ɗaya, yadda aka saba, yana hana inji kai zafin aikinsa da wuri, ya riƙa shan mai yana cin ringi.

Wayoyin Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motar, suna da ƙa'idar launi, wanda ya haddace ta ya huta: ruwan ƙasa wuta ce kullum ba fis, fara tana zuwa da makulli, koriya makulli ce ta bayan fis, ja ƙananan fitilu, shuɗiya manya, baƙa kuma ta komawa bodi. Yawancin matsalarsu datti ne a mahaɗa. A lura, motocin da aka yi kafin ƙarshen 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin motocin yau, kuma har zuwa 1974 batir biyu ne masu bolt 6 a jere. Wanda ya ɗaura rediyon zamani bai duba ba, zai ƙone shi nan take.

A burki ba a tsimi. Duk robar da ke ciki a sauya, tiyo da sil, ko da ido ya ga lafiya lau suke, domin tiyo yana kumbura daga ciki ya riƙe burki. Motocin farko layin mai ɗaya gare su, in ya fashe ƙafa huɗun sun tafi tare. Man DOT 4 ake sawa, a kiyaye kada ya ɗiga a fenti. Giya kuwa baƙin man inji take sha, 20W-50, ba man giya mai kauri ba. EP90 na akwatin ƙafar baya ne. Sandunan da ƙafafun gaba ke juyawa a kai suna da bakin giris, a cika su har tsohon ya fito. Taya kuma a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako da shekarar da aka yi ta ke nan. Mai shekara goma a jefar, ko zanenta bai taɓa kwalta ba.

Ranar tayar da sabon inji, in an sa sabon kamshaf, a riƙe shi a juyi 2,000 a minti har tsawon minti ashirin ba tare da barinsa a silo ba, mutum ɗaya ido a kan allurar mai da ta zafi, wani yana leƙen ƙasa da abin kashe gobara a kusa. Kilomita 800 na farko kada a wuce juyi 3,000, kada kuma a ja shi a babbar giya yana nishi. Daga nan a zubar da man, a sauya filta, a sake bin notocin kan inji da sufanar awo, a sake auna bawul, domin gasket ya zauna tazarar ta ragu.