Farar riga da wuƙa a Jamus

Ranar da na fara shiga makarantar koyon sana'a a nan Jamus, na duba 'yan ajinmu na girki sai na ga maza sun fi yawa. Na zo da fargabar zan zama saniyar ware, ashe ina da 'yan uwa.

Da muka saba, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsarin da suke kira Ausbildung shekara 3 ne: wasu ranaku a aji, sauran a kicin ɗin otal ko gidan abinci, kuma ana biyan alawus duk wata tun daga shekarar farko. Saurayin da kuɗin haya ke wuyansa, ga iyaye na sa ran aike, da wuya ya iya zaman jami'a hannu Rabbana. Ni kuwa harshe ne ya turo ni. Jamusancina bai kai na aikin ofis ba, amma a kicin hannunka ake fara dubawa kafin a saurari bakinka.

Akwai wani dalilin da sai daga baya na gano shi. Malaminmu ya ba mu tarihin Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya yi wa sojoji girki a yaƙin 1870, wanda ya tsara babban kicin kamar rundunar soja: mai miya daban, mai gashi daban, mai kayan zaƙi daban, kowa da na gaba da shi har zuwa shugaba. Samari na son wannan tsanin, domin tun kana feraye dankali kana hango matakin da za ka taka gobe. Matan ajinmu ba su gaza mu da komai ba, wasunsu ma sun fi mu iya riƙe wuƙa.

Aikin da wuya: tsayuwa wuni guda, zafin murhu, aikin dare da na ƙarshen mako. Abin da ya fi damuna shi ne naman alade da giyar da ake zubawa a wasu miya. Na samu shugaban kicin na gaya masa gaskiya, ba zan iya ɗanɗanawa ba. Ya haɗa ni da wani abokin aiki da ke ɗanɗana mini.

Baɗi zan zauna jarrabawar ƙarshe ta cibiyar kasuwanci da masana'antu, inda zan dafa abinci kala uku a gaban alƙalai. Da na gaya wa Inna ta waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya sa albarka a hannunka."