Aikin fitar da DNA daga ƙasusuwan manoman farko

Ƙaramin kamfani ne namu, kuma aikinmu ɗaya: masu tonon kayan tarihi su kawo tsohon ƙashi, mu fitar da ɗan DNA ɗin da ya rage a cikinsa, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta. A ƙoƙon kai wuri guda muke nema, wato ƙashin da ya lulluɓe kunnen ciki. Duk ƙasusuwan jikin mutum babu wanda ya kai shi tauri, kuma binciken 2015 ya nuna yakan ba da DNA har ninki 100 na sauran ƙasusuwa.

Akan fara da kankare bayan ƙashin, a haska shi da fitilar UV, mai hasken da ke lalata baƙon DNA da ya manne a waje. Hudawa sai a hankali, domin in injin ya yi gudu zai ɗau zafi ya lalata abin da ake nema. Garin ƙashi miligiram 50 ya wadatar. A jiƙa shi cikin EDTA da proteinase K, sinadaran da ke narkar da ƙashin su saki DNA, ya kwana a zafin digiri 37, sannan a kama DNA ɗin da silika, sinadarin da DNA ke manne wa.

Babbar matsalar ita ce mu kanmu. Ɗigon gumi ko yawun ma'aikaci ya isa ya danne DNA ɗin mamacin. Shi ya sa ake rufe jiki ruf, safar hannu biyu, a goge tebur da bilic, kuma kowane zagaye akwai kwalbar da ba a sa mata ƙashi ba. In aka ga DNA a cikinta, aikin ya gurɓata. Tsohon DNA yana da shaidarsa: guntu-guntu ne, kuma a bakin guntayen, cikin haruffa huɗun da ake rubuta DNA da su, harafin C kan rikiɗe ya koma T.

Da wannan garin ƙashin aka warware tsohuwar gardama: shin manoma ne suka yi ƙaura zuwa Turai, ko dabarar noman ce kawai ta yaɗu? Ƙasusuwan Barcın a arewa maso yammacin Turkiyya, na wajen shekara 8,000 da suka wuce, sun nuna manoman farko na Jamus da Hangare yawancin jininsu daga Anatoliya yake, wato yankin Turkiyya ta yau. Mutane ne suka yi ƙaura da alkamarsu da tumakinsu. A 2016 kuma aka gano manoman Ganj Dareh a duwatsun Zagros na Iran wani tsatso ne daban.

Zafi na cinye DNA, don haka Afirka ta fi wuya. Kogon Mota na Habasha da Shum Laka na Kamaru sun ba da sakamako, amma samfura da yawa fanko suke fitowa. Roƙonmu ga masu tono: kada a wanke ƙashi, kada a shafa masa gam, a ajiye shi wuri mai sanyi. Kunne ɗaya kawai muke hudawa, ɗayan a bar wa masu zuwa.