Tambayar da Farfesa ya yi wa ƙanwata

Yau na raka ƙanwata Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta gabatar da tsarin binciken digirinta na biyu a kan sana'ar rini a ƙasar Zazzau. Da ta gama, wani dattijon Farfesa ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wannan labarin wa ya ba ki? Shi kuma daga bakin wa ya ji?" Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ita kuwa ta zaro wani littafin rubutu duk ya sha shuni a gefe, ta fara lissafo tsofaffin marina da ta zauna da su a bakin karofi, da wanda ya gaji sana'ar, da wanda ya shigo ta da rana tsaka. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce ta koma ta ƙara tambaya tun suna raye.

Nan na ga tarbiyyar gidan. Abdullahi Smith ne ya kafa sashen a 1962, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 don adana takardu da rubuce-rubucen magabata. Marigayi Dokta Bala Usman ya ɗora a kai: kowace majiya, ta baka ko ta Bature, sai an tantance ta. Yawancin masu wannan horon yanzu furfura ta cika musu kai, ritaya na ƙaratowa. Ina fatan a ɗauki matasa aiki tun dattawan nan suna kan kujerunsu.